Sallamar da Na Yi Kwana Arba'in Ban Amsa Ba

Jama'a, abin da zan faɗa muku da ni aka yi shi, ba ji na yi a bakin wani ba, kuma Allah shi ne shaidata. Lokacin mulkin farar hula na biyu ne, shekarun nan da ake ta kukan ostariti, sabulu da madara sai an bi layi. Ina ɗinki a kasuwar Boɗinga, amma ɗinkin na neman tuwo ne kawai, zuciyata tana wajen tsofaffin kayan sauti. Garmaho da ake wanawa da hannu, rediyo mai kwan fitila a ciki, lasifika mai akwatin katako, duk inda na ji labarin ɗaya sai na je. Uwargida ta yi faɗa har ta gaji, wai na mayar mata da ɗaki juji. Ni kuwa ranar Juma'a bayan an sauko, in goge faifai in ɗora allura in kishingiɗa, ba ni da sauran damuwa.

Wani direban motar albasa ne ya ba ni labarin wata rikoda a Shagari, irin ta da, mai faifai biyu da zarenta ke zagayawa a waje. Na daɗe ina mafarkin irinta. Ta wani tsohon malamin dabbobi ce da ya rasu shekaru da dama, tana hannun matarsa, Inna Hajjo. Na same ta a zaure kan tabarma, tsohuwa tukuf, ido ya tafi, ga tari. Na yi tayin saye ta ce ba ta sayarwa. Ashe a ciwonsa na ajali Malam ya ɗauki muryarsa a zaren da ke kai, ya ce ta saurara bayan ransa, sai rikodar ta ƙi juyawa, kuma tun daga nan ba wanda ya iya tayar da ita.

Ta ce, "Ɗana, in ka gyara ta na ji abin da yac ce, ka ɗauke ta, taka ta. So nike in ji shi kahin in bi shi."

Na ce, "Inna, kwana ukku ya yi yawa." Kun ji bakin da ya ja mini.

Da na buɗe ta a gida na tarar bel ne, robar da ke juya faifan, ya narke. Sabo kuwa babu shi ko a Sakkwato, an hana shigo da kaya, shaguna sai kanta wayam. Na yanko tsohon tub na keke, hannun tela ne, na fitar da bel daidai wa daida, na goge kan da ke karanta zaren, na haɗa ta da batirin mota. Faifan suka fara juyawa, sai ga muryar dattijo, tas, kamar yana bakin ƙofa: "Salamu alaikum." Daga nan faifan suka tsaya cak.

Na mayar baya na sake kunnawa, sallama, tsayawa. Na ce bel ne ya yi sako-sako, na yanko wani. Na ce batir ne, na kai caji. Na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya da dalma har na ƙone yatsa. Abin haushin, in na ɗora wani zaren da nake da shi na kiɗa, sai ta ci shi daga farko har ƙarshe ba gargada, da sauti mai daɗin da ban taɓa ji ba a ɗakina. In na mayar da na Malam, sallama kawai. Na murza faifan da hannu na tsallake wurin, ba abin da ke fita sai shuu. Na ɗauki zaren na kai wa wani mai gyara a Sakkwato da ke da irin rikodar, tasa ma ta yi sallamar ta tsaya, ya ce zaren ne ya manne, na ce ina mannewar, ya miƙo mini abina ya ce in je in tambayi mai shi.

Wallahi na ji sallamar nan ta fi a ƙirga. Ɗinkin mutane ya taru, ana zuwa ana zagina a kan rigunan suna. Duk ranar kasuwa direban nan sai ya leƙo ya ce Inna na tambaya ko an gama, daga baya ya koma cewa jikin nata fa ya matsa. Kunya ta hana ni zuwa, taurin kai ya hana ni mayarwa. Wata rana da rana tsaka takaici ya ci ni, dattijon ya yi sallamarsa, na buga tebur na ce, "Kai dai ba abin da ka iya sai sallama." Har yau in na tuna maganar nan sai in ji ba daɗi.

Da na ga tsohuwa za ta mutu ina riƙe da abinta, na naɗe rikodar a zane na hau mota zuwa Shagari bayan azahar. Aka fito da ita zaure a rirriƙe. Na durƙusa na ce, "Inna, ki gahirce ni, na kasa. Kalma biyu kawai ka hita."

Ta ce, "Sa min su. Ko su na, in ji."

Na haɗa batir na kunna. Murya ta ce, "Salamu alaikum." Faifan suka tsaya yadda suka saba, na kai hannu zan kashe. Sai tsohuwa ta gyara lulluɓinta ta ce, "Wa alaikumus salamu, Malam. Marhabin."

Jama'a, hannuna bai taɓa komai ba, faifan suka ci gaba da juyawa. Muryar ta ce, "Yauwa, Hajjo. Kwana arba'in ina tsaye ina sallama, ba a amsa min ba."

Ya ci gaba da magana irin ta miji da mata, yana neman gafararta, yana ce mata ta yi haƙuri da 'ya'ya, amma ni rabin hankalina yana kan yatsuna ina lissafi. Ranar kasuwa na ɗauko rikodar, na ƙirga na sake ƙirgawa, kwana arba'in cif. Inna na hawaye, amma ko alamar mamaki babu a fuskarta. Da zaren ya ƙare ta juyo inda take jin numfashina ta ce, "Ashe ba ka amsa mai ba, ɗana?" Ni da ko yaro ya yi sallama a shagona sai na amsa, ban taɓa kawo wa raina cewa wannan ma sallama ce ba, na ɗauke ta ƙarar inji.

Ta ce in maimaita mata. Na mayar baya, ya yi sallama, ta amsa, ni ma wannan karon na amsa. Sai ya wuce kai tsaye ya ce, "Hajjo, ina ini," maganar kwana arba'in babu ita. Sau uku muna saurare, ba ta sake fitowa ba.

Ba ta cika wata ɗaya ba ta rasu, Allah ya jiƙanta. 'Ya'yanta suka cika mata alkawari, direban albasa ya kawo mini rikodar har gida, da zaren Malam a kanta. Tana nan a ɗakina, ita ce sarauniyar kayana, ina jin kiɗa da ita. Zaren kuwa na naɗe shi a ƙyalle na sa a ƙasan akwati.

Shawarata gare ku, duk inda kuka ji sallama ku amsa, ko daga rediyo ta fito. Jikokina dariya suke mini in mai karanta labarai ya yi sallama na amsa da ƙarfi, ina ƙyale su. Sun sha roƙona in ɗora musu zaren nan su ji, ina hanawa. Na san in ya yi sallama dole in amsa, kuma yanzu Hajjo ba ta nan, ban san me zai ce da ni ba.