Hajja Kaltuma da Dokar Hannu a Baya

Kafin zafin Zinder ya tashi, Hajja Kaltuma Isma'ila ta riga ta shiga rumfar shuka da ke bayan labonmu, wato ɗakin bincikenmu. Sai ta ɗaure gyalenta tam don kada bakinsa ya shafi ganye, ta bi layin tukwanen gero tana zuba ruwa a gindi, sannu a hankali. Duk wanda ya leƙo, ɗalibi ne ko babban malami, magana ɗaya zai ji: "Hannu a baya!"

Mutane kan ɗauka tsabar faɗa ne. Wallahi ba faɗa ba ne. Ganye yana da hanyar kai labari. In tsutsa ta cije shi, ƙwayoyin da suka fashe sukan zubo da wani sinadari, amino asid mai suna gulutamat, ɗan'uwan farin magin miyarku. Shi ke taɓa wasu 'yan ƙofofi a jikin ƙwayoyin da ke kusa, su buɗe, sinadarin kalsiyom ya kwarara ciki. Daga nan saƙo ya bi jijiya, cikin 'yan mintuna ganyen da ba a ciza ba ya fara haɗa abin da zai ɓata wa tsutsa baki. Abin da muke aunawa ke nan: a ɗan yanki bakin ganye, a ɗiga gulutamat, a maƙala siririyar waya a wani ganyen, a duba ko layi zai motsa a na'ura. To shuka, ko murza ta ka yi sai ta amsa, awon ranar kuma ya tashi a banza.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne iri. Wani dattijon Gaffati, Baba Zakari, ya kawo mana ragowar tsohon irin gero a ɗan gora, ya ce a zamanin mahaifinsa tsutsa ba ta cika damunsa ba. Ko saurin kai saƙo ne ya fi sauran da shi, har yau ba mu sani ba. Mun dai san irin ya tsufa, kaɗan ke tsirowa, kuma mun tambaya har Zermu ba mu sami wani ba.

Ranar da Baba Zakari ya zo ganin shukarsa, hannunsa ya tafi da kansa. Wane manomi ne zai ga ganyen gero bai murza ba? Ni dai ba zan iya kwaɓar sa'an mahaifina ba. Hajja ce ta rusuna ta ce, "Baba, a gafarce ni. In ka taɓa shi yanzu, zai zaci tsutsa ce." Dattijo ya yi dariya ya ce, "'Yar nan, yau ni ne tsutsa?" Ya maida hannu baya, har ya fita bai sauke ba.

Ke ce mai tsaron ƙofa, Hajja. Shekara da shekaru ke ce mai ɗiga ɗigon, don babu mai tsayayyen hannu kamar naki, sunanki kuma bai taɓa hawa kan wata takardar bincike ba.

A watan jiya muka zo auna tsiron ƙarshe na irin Baba Zakari a wannan shekara. Hajja ta ɗauki bututun ɗiga, ta kai shi kan ganye, sai na ga bakinsa yana rawa. Ta janye, ta ja numfashi, ta sake kaiwa. Yana rawa. Da ta daure ta ɗiga, ba wanda zai ce mata uffan. Amma da bututun ya zunguri ganyen, da mun ɗauki ƙarya a matsayin sakamako. Ta juya ga abokiyar aikina ta ce, "Lubabatu, karɓi. Hannun nan ya daina jin maganata." Lubabatu ta ce, "Haba Hajja, ni?" Ta ce, "Ke mana. Jingina gwiwar hannunki a tebur, ki riƙe numfashi."

Lubabatu ta ɗiga. Muka zuba wa na'ura ido har layin ya motsa. Da na waiwaya, sai na ga Hajja tsaye a bakin ƙofa, hannuwanta biyu a baya.

Ƙarshen wannan wata za ta ajiye aiki, kuma ba zan ɓoye ba, tsoro nake ji. Abin da ya rage a goran bai cika tafin hannu ba. Hajja, mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya ba hannunki lafiya. Mu da muka rage, mu yi koyi da ita: dokar da ka kafa wa mutane, in ranarka ta zo, ka bi ta ba tare da an tuna maka ba. Da safen nan Lubabatu ta tare ni a ƙofar rumfa ta ce, "Malam Nasiru, hannu a baya." Na maida.