Gyaɗar Mushe Isufu

Ranar Litinin ta farko bayan an gama roron gyaɗa, a shekarar da na shiga aji uku a lakwal, wato makarantar bokon ƙauyenmu da ke gefen Dakusa, sabon malaminmu Mushe Isufu (da Mushe muke kiran malaman boko) ya shigo rumfar karan da muke kira aji rungume da ƙwarya cike da gyaɗa. Ya ce kowa ya kife allonsa. Ya zuba wa kowane layi tsibi a kan tabarma, ya ce mu raba daidai, kada wani ya fi wani ko da ƙwaya ɗaya. Muka yi ta gardama ana ture hannun juna, har ƙawata Rabi, wadda ba a taɓa jin muryarta a aji ba, ta jera ƙwayoyin sahu-sahu kamar shuka, ta tura wa kowa nasa, biyu suka yi saura. Mushe ya yi dariya ya ce, "To, rabawa ke nan. Saura kuwa na mai aiki ne. Rabi, cinye amsarki."

Kafin zuwansa, lissafi a wurinmu waƙa ce da Faransanci, muna rerawa ba mu san me take nufi ba, bulala na jiran wanda ya yi tuntuɓe. Shi kuwa da Hausa yake fara bayani. Ya mayar da carafken da muke yi da tsakuwa darasin ninkawa, ya sa maza suka auna filin lakwal da taku. Da yamma a bakin rijiya ni da Rabi mukan yi musu kan guga nawa zai cika tulunan gidajenmu biyu, kullum ita ke cinye ni. Inna takan ce, "Wannan malamin naku wasa aka turo shi yi ko karatu?" Amma da safe ita ce ke ƙulle mini gyaɗa a bakin zane in kai masa.

Damina ta gaba ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Da aka koma lakwal babu gidan da ke da gyaɗar bayarwa, har irin shuka an cinye. Mushe ya koma koyarwa da tsakuwa, mu kuma muna zuwa ba kalaci, muna gyangyaɗi. Wata rana ya sayo 'yar gyaɗa a kasuwa don ya faranta mana. Yana zubawa, kafin ya buɗe baki, yara suka faɗa mata da wawaso, wani ƙaramin yaro yana turawa a baki har da ɓawo. Ba wanda ya yi dariya. Mushe ya juya ya fuskanci allo, ya daɗe a tsaye bai rubuta komai ba.

Daga nan aji ya yi ta raguwa. Mahaifin Rabi ya kwashe iyalinsa zuwa kudu neman abinci, ta leƙo gidanmu ta ce mini za su dawo da damina. Har yau ban sake jin labarinta ba. Da muka zama 'yan kaɗan aka rufe ajin, aka mayar da Mushe wani gari. Ni kuma na koma bin Inna daji tsinkar tafasa da goyon ƙanena, ban sake komawa lakwal ba.

Yanzu ɗinki nake yi a Zinder. 'Yata Hadiza tana aji huɗu, cikin cunkoson da malaminsu bai san sunanta ba. Tana dawowa da waƙar nan ta Faransanci da na bari tun ina yarinya. Kwanaki ta ajiye jakarta tana hawaye ta ce, "Inna, ni ba ni da kan lissafi." Na zaunar da ita na buɗe littafin don in nuna mata abin yana da daɗi, sai na tarar ya wuce inda karatuna ya tsaya. Na san akwai daɗin, na ɗanɗana shi, amma abin da aka ba ni bai kai in ɗiba mata ba.