Zoɓo Mai Kafili

Edita, a lokacin da wannan abu ya faru ina da ƙaramin shago a unguwar Mansura da ke Doha, da motar ɗaukar kaya guda, da takardar zama a ƙarƙashin kafilina, wato mai tsaya mini a wurin hukuma, wani Balarabe ɗan garin Wakra wanda ba ya tambayata komai muddin kasonsa ya isa hannunsa. Abin da ya fi waɗannan duka tsada shi ne amanar 'yan uwanmu masu gadi da direbobi. Ni ma da aikin gadi na shigo Doha, na yi shekaru a tsaye a ƙofar otal, kafin na fara haɗa kayan mutane ina aikawa Kano da Kaduna. Mutum zai kawo wayar da ya saya wa matarsa, ko abayar mahaifiyarsa, ya ajiye a kan teburina ya wuce aiki, ko rasit ba zai nema ba. Daga gida kuma ana turo mini kilishi da yaji da kuka da busasshen zoɓo ina sayarwa. Ban yi boko mai nisa ba, amma ban taɓa faɗuwa a ciniki ba, shi ya sa na ɗauka babu cinikin da zai fi ƙarfina.

Cikin masu sayen kilishina akwai wani injiniya ɗan ƙasarmu da ke zaune a unguwar Aziziya, yana aiki a kamfanin gas. Wata rana ya saya ya ƙi tafiya, yana ta jujjuya ledar yaji kamar zai karanta wani abu a jikinta, har sai da shagon ya watse. Sannan ya rage murya ya ce yana da wata 'yar matsala wadda sai tsohon mai gadi ne zai gane ta. Wanda ya san ƙasar nan ya san ba a sayar da giya a titi, sai a manyan otal, kuma sai ka nuna katinka a ƙofa. Shi katin bai dame shi ba, mai duba katin ne ya dame shi. Ya ce makon da ya wuce ya bi wani Bature abokin aikinsa, suna isa ƙofar mashaya sai wani yaro ɗan Zariya cikin kayan gadi ya rusuna ya ce masa ransa ya daɗe, ya Hajiya, ya yara. Dole ya ce banɗaki yake nema. Ni na san ba kyan wuri yake nema ba, ba kuma arha ba. A wurinsa mashaya mai kyau ita ce wadda babu wanda ya iya cewa sannu a bakin ƙofarta.

Wannan kuwa ilimi ne da nake da shi kyauta. Na san kamfanin da ke gadin kowane otal, na san wanda ke cike da 'yan Nefal da 'yan Kenya, na san wanda yaranmu suka yi yawa a cikinsa. Abin da ban sani ba sai in ɗaga waya in kira ɗaya daga cikinsu, in ce zan kawo saƙo, wa ke duti yau a wuri kaza. Su kuma su faɗa mini da zuciya ɗaya. Sai in sanar da injiniya cewa yau ya bi ta wurin ajiye motoci ya hau lifta, ko kuma kada ya kuskura ya je wuri kaza ranar Alhamis. Ba da daɗewa ba ya jawo abokansa biyu, wani likita da wani malamin jami'a. Ladan da aka yi mini alkawari shi ne kwangilar kawo takalman aiki da rigunan ma'aikata a kamfanin injiniya. Na yi lissafi na ga idan ta faɗo, shagon Mansura ya zama wasan yara. Haka na riƙa zama ina sauraron mutanen da suka tashi da koko da ƙosai suna gardama ta hanci a kan wane otal ne ya iya yanka ƙanƙara.

Da kamfanonin gadi suka yi canjin wurare, sai ya zamana kusan ko'ina akwai namu. Likita ya yi kiciɓis da ƙanin abokinsa a wata ƙofa. Daga nan suka ce a koma gida. Ba gidajensu ba, don akwai iyali. Ɗakina da ke bayan shago. Sayen kwalba a kai gida sai da izini, izinin kuma sai ofis ya rubuto wasiƙa, su kuwa sun gwammace su mutu da a ga sunansu a irin wannan wasiƙa. Saboda haka wani abokin aikinsu da ba Musulmi ba yake sayowa, a kawo mini a kwalin man girki. Haɗin kuma ni na ɗauka. Na je wurin wani ɗan Filifin da muka taɓa aiki a otal ɗaya, ya nuna mini cewa duk abin bai wuce tsami da zaƙi da ƙarfi da sanyi ba, sauran duk burga ce. Sai na dawo na sa hankalina na ɗan kasuwa. Maimakon ruwan 'ya'yan itatuwan kanti masu tsada, na dafa zoɓo mai kauri, na sa citta da kanumfari da yawa, na matsa lemon tsami, wani lokaci in ƙara tsamiya da na'a-na'a. Zoɓo ya ɓoye kala, kanumfari ya danne wari. Da suka ɗanɗana sai suka ce babu otal ɗin da ya kai ni.

Dama ina dafa zoɓo na gaskiya ina sayarwa a shago, a irin jarka ɗaya, saboda haka aka buƙaci suna da zai raba su. Malamin jami'a ne ya raɗa. Ya ce na shago shi ne firi biza, yana yawo shi kaɗai babu kowa a bayansa, nasu kuwa mai kafili ne, akwai babba tsaye a bayansa. Suka yi ta dariya har da buga cinya, kamar sun ƙirƙiro jirgin sama. Ranar Juma'a suke zuwa, kai tsaye daga masallaci, ƙamshin turare bai bar rigunansu ba. Kowa ya cire hularsa ya ɗora a kan firij, ya juya mata baya, sai ka ce ita za ta kai rahoto. Likita yakan yi bisimilla da sabo kafin ya kai kofi baki, ya ankara, ya yi tsaki, ya sha abinsa. Idan kofi ya ƙare ni ne Alhaji, ni ne babban yaya. Idan na tambayi labarin kwangila sai in koma mai kilishi, a ce in yi haƙuri takarda na kan tebur. Ni ban sha ba, ko sau ɗaya, da hanci nake auna haɗin. Da wannan nake rarrashin kaina, alhali tun ina yaro na ji malamai suna cewa mai zubawa da mai sha tafiyarsu ɗaya.

Ana haka mahaifiyar injiniya ta zo daga gida ganin jikoki, matarsa ta shirya mata walimar mata ranar wata Asabar da rana. Abin da ban sani ba shi ne matar ta sha jin mijinta a waya yana ce mini in ajiye masa mai kafili. Da ta tambaye shi, sai ya ce wani zoɓo ne na musamman mai kayan ƙamshi, irin wanda Larabawa ke so. Ita kuma tana son ta fita kunyar surukarta. Sai ta aiko direbansu, dattijon mutum wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, ya ce mini daga gidan Injiniya aka ce a ba da jarka biyu na mai kafili. Sunan nan mu huɗu kaɗai muka san shi, ko haka na ɗauka. Na kira injiniya, wayarsa a kashe, domin ba a shiga da waya inda yake aiki. Na ce a raina wataƙila iyalin sun yi tafiya ne ya mayar da zama gidansa. Ɗan kasuwar da ke yawan tambaya ciniki yake kora. Har na ƙara hannu a haɗin don in burge, na ce wa direba ya sa a sanyi. Ya ce to, Allah ya ba da kasuwa.

Sauran labarin daga bakin direban na ji shi. Mata sun sha sun yaba, wata ta ce yana ɗumama ƙirji, wata ta nemi a zuba mata a gora ta tafi da shi. Tsohuwa ta sha kofi biyu, ta fara ba da labarin marigayi mijinta tana dariyar da ba a saba ji daga gare ta ba. Da aka kira la'asar ta miƙe za ta yi alwala, ƙafa ta ƙi, ta faɗi a kan tayil ta karye a wuyan hannu. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Zango ta Gana da ke cikin baƙin ce ta ɗauki kofin ta shinshina, ta ce wa uwar gida wannan ba zoɓo kaɗai ba ne, maza a karɓe na hannun yara. Direban ya ce a hanyar asibiti tsohuwar ba ta yi maganar hannunta ba. Tambaya ɗaya take maimaitawa tana kuka, wai da gaske ne sallarta ta kwana arba'in ba za ta karɓu ba, ita da ta tsufa ba ta san ko warin abin ba.

Kiran farko da injiniya ya yi mini bai ambaci mahaifiyarsa ba. Cewa ya yi in saurara da kyau, shi kilishi kaɗai ya sani tsakaninsa da ni. Dattawanmu suka kira zama a wani gida a Wakra, don kada magana ta kai ga 'yan sanda ta shafa wa kowa baƙin jini. Falo ya cika da masu gadi da direbobi, yawancinsu masu kaya a shagona. Injiniya ya tashi da idanu jajur ya rantse bai taɓa sanin abin da nake zubawa ba, wai ashe haka nake yi don in kama masu saye. Likita ya yi wa jama'a bayani mai tsawo a kan illar barasa ga hanta, har ana gyaɗa kai. Malamin da ya raɗa sunan da bakinsa shi ya kawo shawarar a daina hulɗa da ni. Ina zaune da wayata a aljihu, cike da saƙonninsu. Na auna: idan na buɗe, rigima za ta fita daga falon nan, kwalabe kuwa a ɗakina suke, ni ne marar izini, ni ne na ba wasu. Su suna da kamfanoni da lauyoyi, ni ƙarshenta ɗauri da jirgin kora zuwa gida. Sai na ce kuskurena ne ni kaɗai, a yafe mini. Ina rufe baki wani mai gadi daga baya ya ce, cikin sanyin murya, ashe shi ya sa yaya yake yawan tambayar wa ke duti. Na ga yadda yaran suka kalli juna, sannan suka kalli manyan. Sun gane komai. Sai dai manyan ba a taɓa su, ni kuwa ana iya taɓa ni.

Ba wanda ya zage ni. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa zuwa, su gaishe ni da ladabi, su ce sun canza shawara, a ba su kayansu. Wanda ya yi amfani da gaisuwarka ya sayar da kai ba za ka ba shi wayar matarka ya kai gida ba, kuma ban ga laifinsu ba. Na aika direban ya roƙa mini gafarar tsohuwa kafin ta koma. Ta ce ta yafe duniya da lahira, ta ƙara da cewa tana yi wa ɗanta addu'a Allah ya tsare shi daga miyagun mutane a ƙasar baƙi, tunda shi ba ya zargin kowa. Wannan saƙon ya fi zaman Wakra ciwo.

Ina rubuto wannan ne saboda ƙannenmu da ke shigowa kullum, masu wayo irin nawa. Idan babban mutum ya rage murya ya ce kai kaɗai za ka iya taimakonsa, ba darajarka ya gani ba, wurin ajiye ƙazantarsa yake nema, kuma ya riga ya auna cewa bakinka ba zai kai inda nasa ya kai ba. Kada ka ce ai kai ba ka sha, ko ba ka taɓa. Ranar da abin ya fashe ba za a tambayi wanda ya sha ba, za a tambayi ɗakin wa. Su ukun suna nan, sahun gaba ranar Juma'a, na ji ma sun samu wani yaron da ke yi musu haɗi, sai dai an ce bai iya ba. Kwangilar takalma ƙanin matar injiniya aka ba wa. Ni na rufe harkar aika kaya, yanzu tsofaffin tayoyi nake saya ina sayar wa 'yan Sudan da ba su san tarihina ba. Na tsira da takardar zama, wannan gaskiya ne. A ɗaya gefen sikelin kuma na ɗora karyayyen hannun tsohuwa, da hawayenta, da gaisuwar mutanen da muka tsaya a rana tare. Da na zauna na duba abin da ya shigo aljihuna a duk wannan hidima, sai na tarar ko kuɗin ƙanƙara da lemon tsami ni nake biya.