Anti Mai Jan Biro da Hannun Kafinta

Teburinta na kallon taga, nawa na kallon bango, a wani ɗan ofis da ke ƙarshen barandar cibiyar gashin ƙashi. Duk ma'aikata sun san ta da Anti Mai Jan Biro, mu na kusa kuwa Anti kawai muke cewa. Da can nas ce a ɗakin marasa lafiya, sai ciwon baya ya hana ta ɗaga mutane, aka mayar da ita tebur. Ba ta yi ƙorafi ba. Cewa ta yi da ma ƙafafunta sun gaji da sintiri.

Aikinta shi ne rubuta abin da muke kira nazarin mutum guda. Ranar da aka haɗa ni da ita na tambaye ta ko mene ne shi. Ta amsa ba tare da ta ɗago kai ba.

"Mutum ɗaya za ki ɗauka, ƙanwata, ba taro ba. Ki faɗi yadda yake kafin abin ya same shi, me ya same shi, me aka yi masa, me ya biyo baya. A ƙarshe ki faɗi abin da wani ma'aikaci a wani gari zai ƙaru da shi. Shi ke nan."

"Ai da sauƙi, Anti."

"Kallon kitse kike yi wa rogo."

Na farkon da na rubuta ya dawo min jajur kamar an yanka kaza a kansa. Ta soke "abin tausayi", ta soke "baiwar Allah".

"Tausayi na mai karatu ne, ki bar masa kayansa," in ji ta. "Ke ki ba shi abin da idonki ya gani. Kin ce ta ɗaga hannu. Zuwa ina? Kafaɗa ko kunne?"

A wurinta na koyi cewa ba a dogara da baki ɗaya. A ji ta bakin mara lafiya, a ji ta mai jinya, a ji ta mai gashin, in sun saɓa a rubuta saɓanin. Abin da aka gwada bai yi ba, shi ma a rubuta shi. Kuma ba a ɗora biro a takarda sai mai labarin ya yarda. Shekara da shekaru tana wannan aiki, har ta kai tana iya rubuta labarin wanda aka yanke wa ƙafa tana kurɓar shayi.

Maigidanta kafinta ne, shagonsa na can bayan tashar mota. Mutum ne mai baki, ba ya wuce kowa bai tsokane shi ba. Kullum in an kusa tashi zai iso a tsohon babur ɗinsa, garin katako har a gira, ya leƙo ta taga.

"A sako min matata, ko ni ma in rubuta rahoto a kanku!"

Anti ba ta dariya, amma ban taɓa ganin ta haɗa jaka da sauri irin na lokacin ba. Yaransu sun girma sun watse, 'yar ta yi aure a nesa, ɗan kuma aikin titi ya kai shi wani gari. Su biyu suka rage a gida.

Wata safiya wayarta ta yi ƙara. Ta saurara, ta ce "To," ta rufe bironta, ta ɗauki jaka.

"Baban yara ya faɗi a shago," ta ce da ni, kamar mai cewa hadari ya haɗo.

Shanyewar ɓarin jiki ce. Ya daɗe kwance a babban asibiti, sannan aka turo shi wurinmu a keken guragu. Ɓangaren dama ya mutu murus. Maganar ma ta tafi, kalma ɗaya tak ta rage masa. In an gaishe shi ya ce "Madalla." In ya ji zafi ya ce "Madalla." In yana son fitsari, ita ce dai. Mutumin da ko ƙuda ba ya bari ya wuce shiru.

Anti takan turo shi da safe, ta miƙa shi ga mai gashin, ta dawo teburinta ta ci gaba da gyara rubutun wasu. Ban ga ta yi kuka ba. Abin da na lura da shi kawai, shayinta kan huce a kofi har ya yi fata.

Mai gashin ya gwada duk abin da ya saba. Ya sa masa ƙwallon roba a tafin hannu ya ce ya matse. Kafinta ya bar ƙwallon ta gangara, ya juya fuska bango. Haka aka yi ta yi, har mai gashin ya fara cewa mutumin nan ya sallama. Sai wata rana Anti ta zo da guntun katako da takardar nan mai kaushi ta goge shi, ta ajiye a kan cinyar mijinta, ta fita. Mai gashin ya ce yana kallo Kafinta ya sunkuya ya shanshana katakon. Can sai yatsun daman nan suka ɗan lanƙwashe, kaɗan dai, kamar ƙafar gizo-gizo. Daga ranar aka ajiye ƙwallo, aka koma gasa hannun da kayan sana'arsa.

Da hannun ya fara motsi, babban likita ya leƙo ofishinmu ya ce wannan ya cancanci a rubuta, wasu cibiyoyin za su amfana.

"Ba a rubuta na gida, likita," in ji Anti. "Ga ƙanwata nan."

Na je neman yardar Kafinta. Na durƙusa gaban keken na yi masa bayani dalla-dalla, ya ce "Madalla." Na miƙe ina murna, sai na ji muryarta a bayana.

"Wannan ba yarda ba ce. Jiya ma da miya ta ƙona shi haka ya ce."

Ta zo ta riƙe hannunsa na hagu. "Baban yara, labarinka za a rubuta don masu irin ciwonka. In ka yarda, matse hannuna. In ba ka so, sake ni." Ya daɗe yana kallon ta, sannan ya matse. Ta sake tambayar sa ta juya maganar, don ta tabbata ya gane. Sai da ta gamsu ta ce in je in fara.

Na zaunar da ita a matsayin mai jinya, ni a kujerarta, ita a ta baƙi. Ta ba ni komai a jere. Yana da hawan jini tun da daɗewa. Ya ƙi shan magani, wai ƙwaya ta masu zaman banza ce. Ranar da abin ya faru ya ce kansa na sarawa, ya ɗaura ƙyalle ya tafi shago. Tana faɗa tana kallon bango, kamar labarin maƙwabcin da ba su shaƙu ba.

"Ke fa, Anti, yaya kike ji?"

"Rubuta: mai jinya tana ci, tana barci, tana zuwa aiki."

"Anti, tsakani da Allah."

"Tsakani da Allah ɗin ke nan. Kin san in likitan haƙori ya yi miki allura, kina jin ana taɓawa amma ba kya jin zafi? To haka nake. Na san mijina ne, na san abin da ya same mu. Jira nake allurar ta sake ni, har yanzu shiru."

Na tambaye ta ko in sa wannan a ciki. Ta yi ɗan tunani ta ce in sa, don masu jinya ma marasa lafiya ne da ba a ba su gado ba.

Da na gama na kai mata. A wurin sakamako na rubuta cewa ya samu sauƙi sosai. Ta soke layin gaba ɗaya, ta rubuta a gefe: yana riƙe cokali, yana goge katako in an danne masa shi, ba ya iya ɓalla maɓalli, ba ya iya riƙe zarto, kuma babu alamar zai iya. Kalmominsa sun ƙaru da "ruwa" da "a'a". A wurin darasi na yi dogon yabo, ta taƙaita shi zuwa abu biyu: a tambayi mara lafiya sana'arsa kafin a zaɓa masa abin motsa hannu, kuma mutum ɗaya ne wannan, kada wani ya ɗauka kowa haka zai yi.

Ba a daɗe ba ta ajiye aiki. Turo keke kullum ya tayar mata da ciwon bayan, gidan kuma ba kowa. Shagon aka bar wa ƙanensa. Aka yi mata ɗan taron bankwana, ta yi godiya a taƙaice, ta tafi kafin a gama raba lemo.

Na kai musu ziyara wata Asabar da hantsi. Na same su a tsakar gida, shi a kujera da tawul a wuya, ita tana yi masa gyaran fuska. Ashe ta koyi aski, don ya ƙi yarda wani ya taɓa shi. Na gaishe su, na ce wata cibiya a can nesa ta karanta nazarin, har sun ba wata tela mai irin ciwonsa almakashi da ƙyalle, kuma yatsunta sun fara amsawa.

"To, ya yi amfani ke nan," in ji ta.

Ta ɗauraye rezar a kwano, ta sake shafa masa kumfa a haɓa. Kafinta ya lumshe ido, rana na dukan rabin fuskarsa.

"Zo ki riƙe min kansa, ƙanwata," ta ce. "In barci ya fara ɗaukar sa sai ya riƙa gyangyaɗi, kar in yanke shi."

Na ajiye jakata na zo na riƙe.