Ranar da Baba Ya Shinshina Motar Bara

Shekarun baya, tun gemuna bai san furfura ba, mahaifina ya kira ni zaure ya ce lokaci ya yi da za mu daina hayar motocin mutane. Mu 'yan albasa ne tun kakanni, muna saye a gonakin Galmi mu kawo Konni, wani lokacin mu tsallaka iyaka da ita. Kakar shekarar ta yi kyau, sai ya tattara ribar gida kaf ya damƙa mini, ya ce in sauka Kwatano in sayo a-kori-kura okaziyo, irin wadda Turawa suka gama morewa kowa ke saye. Ni ya zaɓa alhali ga yayana zaune. Kowa a gidan ya san ma'anar haka: in na yi daidai harkar mota ta zama tawa, in na kwafsa in koma ɗinkin buhu.

Ina hanya sai ga kiran abokina, bakanike ne a wani kamfanin sayar da sababbin motoci a Yamai. Ya ce ƙirar bana ta iso, an rasa inda za a jera ta, kuma akwai 'yan bara guda-guda da ba a sayar ba, an karya musu farashi sosai.

"Sabuwa fa, ko ledar kujera ba a cire ba," in ji shi. "Injin ɗaya ne, fitilun gaba kawai aka canja wa ta bana. Zo ka gani, gani ya kori ji."

Da muka kai Dosso, maimakon in yi kudu sai na yi Yamai. Na ci babbar riga don a ɗauke ni Alhaji, na shiga buro, wato ofishin kamfanin, mai sanyi ina ta zufa. Amma wajen ciniki ban ba gidanmu kunya ba. Na ce tunda ta daɗe a tsaye sai an sa sabon batir, an juye mai, an duba tayoyi ko rana ta tsattsaga su, kuma garanti ya fara daga ranar da na ɗauka. Mai sayar da motar ya ja, na miƙe na kaɗe riga kamar yadda Baba ke yi wa manoma. Ban kai ƙofa ba ya kira ni.

Murna ce ta sa bakina ya riga hankalina. Na buga wa Baba waya na ce, "Baba, sabuwa dal na samu! Kwantai ta yi musu tun bara, shi ya sa suka rage."

Sai na ji ya ce, "Mi ka ce? Kwantai?" Ya kashe waya.

Wanda bai tashi gidan 'yan albasa ba ba zai gane nauyin kalmar nan ba. A wurinmu kwantai shi ne buhun da kasuwa ta ƙi, sama lafiya lau, ƙasa ruwa baƙi. Ni kuma na ɗauki ribar gida na saye shi, har ina shela.

Na iso ƙofar gida ina ta oda, farar mota tana ƙyalli, unguwa ta fito. Baba bai ko yi murmushi ba. Ya zagaya ta, ya danna taya da babban yatsa kamar mai gwada kan albasa, sannan ya buɗe ƙofa ya cusa kai ya shinshina. Da hanci yake gane buhu tun ba a kwance shi ba, kuma bai taɓa kuskure ba. Ya ɗago fuska a murtuke.

"Turare anka fesa. Mi anka ɓoye? Albasar da ta kwana kasuwa ma tsoronta muke, bale abin da ya shekara. Buɗe ƙofofin duka, ka bar ta ga rana. In turaren ya tashi, warin zai fito. Wagga mota ba ta ɗaukar buhuna sai na sa mata albarka."

Haka mota ta zauna baki buɗe cikin rana, ga kasuwa na ci, ga mu muna ci gaba da biyan haya. Akuyar maƙwabta ta mayar da bayanta wurin hutu. Yayana kullum da safe sai ya ce, "Angon kwantai, ya amarya ta tashi?" In yi yaƙe kawai. Wallahi raina ya ɓaci, don na san gaskiyata, amma ba a musu da hancin Baba. Mahaifiyata ce kaɗai ke ce mini in yi haƙuri, wai tsohon yana leƙa motar ta katanga in ba kowa.

Da aka kwana biyu, bayan la'asar, ya fito ya sake cusa kai. Ya shinshina kujera, ya shinshina ƙasa, har ƙarƙashin sitiyari. Ya daɗe. Da ya fito muryarsa ta sauka.

"Ba wari. Kuma ƙamshin bai tashi ba. To kai, wane irin turare ne wanga?"

Na ce, "Baba, ba turare ba ne. Ƙamshinta ne. Haka sabuwar mota take in ba wanda ya taɓa shigarta."

Ya tsaya yana kallona. Ya ce tun yana saurayi yake bisa motoci, daga saman kaya har gidan gaba, kuma duk zatonsa mota da warin zufa da taba da fetur ake ƙera ta. Sai ya ɗora hannu a kanta ya yi addu'a mai tsawo, ya shafa, ya ce mini, "Gobe kai za ka kai ni Galmi." Na kai hannu zan yage ledar kujerarsa, ya buge mini hannu.

Da muka isa kasuwa bai sauka ba. Ya sauke gilashi, abokan cinikinsa tsofaffi suka taru. Wani ya ce ai an ce kwantai ce. Baba ya gyara zama, leda na ƙara, ya ce, "Ku kira ta abin da kuka so. Yaron ga ya san kaya. Kujerar ga kuwa, duk duniya ba wanda ya riga ni zama bisanta."

Na juya ina gyara madubin da ba abin da ya same shi, don kada a ga idona.

Tun daga nan na koyi auna kalma kafin in faɗa wa tsoho, na kuma daina tsoron kayan bara in dai na duba da kaina. Motar tana nan, ta tsufa, direbana ke ja. Na sayi wasu bayanta, duk 'yan bara. Amma in ana lissafin abin da na yi a rayuwa, ba su nake fara tunawa ba. Mahaifina ya yi shekaru yana zama inda wasu suka tashi, ni Allah ya ba ikon zaunar da shi a sabon wuri kafin ya bar duniya.