Katakon da Malam Umaru Ya Bar Mini a Rumfa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mijina, Malam Umaru kafinta, Allah ya jiƙansa, kuma har yau ban gama yi masa ƙorafi ba.

Na shiga gidansa a Wurno kaina cike da littattafan soyayya, ina jiran ranar da zai kwatanta fuskata da farin wata. Shi kuwa katako ya iya lallashi. Sai ya ɗora shi a kumatu ya yi shiru, in ya ji sanyi ya ce da sauran ruwa a ciki, a mayar inuwa. Ni ban taɓa samun irin wannan sauraro ba.

Ya yi mini alkawarin sabon ɗaki. Ya sayo katakon rufi, ya jera a rumfa bisa duwatsu, ya sa 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa. Duk lokacin da na tambaya sai ya ce, "Bai sha iska ba tukuna, Hajara." Damina biyu ina jira. Katako ya bushe, mai shi ya tafi.

Da zai ga aikin yau, da bai ci tuwo ba don takaici. Ana sauke katako ɗanye daga mota, a shafe shi da baƙin mai saboda gara, a hau da shi sama a ranar. Mai ya kulle ruwan, ruɓa ta fara daga ciki. Haka ɗanmu Sanusi ya yi a gidansa na Lahodu, ɗan kafinta guda. Bara aka rufa, bana katako ya karkace, ƙusa ta saki, kwano ya ɗaga. Ga hadari ya fara haɗuwa, ga matarsa da jaririya a ƙarƙashi.

Ya zo ya tsuguna gabana. "Inna, katakon Baba."

"Mi ya same shi?"

"Ba abin da ya same shi. Shi ya sa na zo."

Kwana uku ina zagaya rumfar kafin na yarda ya ɗauka. Ni ke juya katakon nan duk wata, ni ke share gindinsa, ina zama kusa da shi ina tsara inda gadona zai tsaya.

Jiya aka zo aka ɗauka. Na tsaya a kansu, ana fitarwa ina dubawa, ko ɗaya bai lanƙwashe ba. Malam ya yi gaskiya kamar kullum, abin da ke ba ni haushi ke nan. Ɗakina ya tafi Lahodu a bayan mota, ruwa ba zai taɓa jikar Malam ba bana.