Ƙarfen da ke Ƙugun Almut

Almut Rickmers tela ce a unguwar Barmbek ta Hamburg, doguwar mace mai ɗan ɗingishi, wadda ko gidanta ke cin wuta ka tambaye ta ya gida, lafiya lau za ta ce maka. Haka 'yan zamaninta suke, ba su iya kai kuka ba. Tana 'yar ƙarama, lokacin yaƙi, jirage suka yi wa birnin ruwan bama-bamai. Mahaifiyarta ta rasu a nan, ita kuma aka zaƙulo ta daga ƙarƙashin gini da guntun ƙarfe a ƙugu, wanda likitoci suka ce ciro shi ya fi barinsa haɗari. Da shi ta girma, da shi ta yi aure, da shi ta binne mijinta.

Abu ɗaya ƙarfen nan ya taɓa tsinana mata. Da yake asibiti ya rubuta ta cikin waɗanda yaƙi ya raunata, duk shekara da kaka sai a tura ta gidan jinya a bakin teku, a gasa mata ƙugu da taɓo mai ɗumi. A can ta san Herr Brodersen, wato Malam Brodersen a yarensu, tsohon ma'aikacin gidan waya, wanda wutar yaƙin ta ƙone wa baya. Kullum da yamma sukan zauna ɗakin shan shayi suna kallon ruwa.

"Frau Rickmers, kun sake zuba sukari? Haƙoran na aro ne?"

"Nawa ne, Herr Brodersen. Naku ne ke kwana a kofi."

Shekara da shekaru ke nan, iyakarsu shayi da tsokana. A gidan jinya ba a tambayar mutum inda yake zaune, abin da aka yi a bakin teku can ake barinsa. Amma ita ta san duk sauran watannin shekara jiran kaka kawai take yi.

Ana nan tsohon likitanta ya yi ritaya. Sabon ya dube ta da fara'a ya ce, "Me ke damun ƙugun?"

"Ai ba komai, likita. Tsufa ne kawai."

Shi kuwa bawan Allah ya rubuta abin da aka gaya masa. Da lokacin tafiya ya matso, aka ce bana babu gurbinta. Ta ɗauki jaka sai gidan Wiebke, 'yar ƙanenta, wadda aikinta a wani asibiti shi ne sa wa kowace cuta lamba.

"Gwaggo, me kika ce wa likitan?"

Ta faɗa mata. Wiebke ta dafe kai.

"Haba Gwaggo! Mu fa ba ma ganin mutum, abin da likita ya rubuta muke sa wa lamba. Tsufa lambarsa daban, raunin bam daga jirgi lambarsa daban. Ta tsufa ba ta kai kowa teku, ƙwayoyi za su ba ki su ce ki huta."

"To ke ki gyara mana."

"Ba ni da iko. Ki koma ki gaya masa komai, da bakinki."

Komai! Abin da ko mijinta bai taɓa ji ba. Ta yi ta kai-kawo a shago har ta lalata wa wata mata hannun riga. Daga baya dai ta koma, ta zauna gaban likitan da ta haifi kamarsa, ta ba shi labarin ɗakin ƙarƙashin ƙasa da suka ɓuya a ciki, da hayaƙin, da hannun mahaifiyarta da ya yi sanyi cikin nata. Ya saurare ta har ƙarshe, ya sa aka ɗauki hoton ƙugun. Amma kafin gyaran ya bi ofis-ofis, kaka ta wuce.

Wannan shekara ta yi mata tsawo. Tana zaune a kan keken ɗinki sai ta ga ta tsaya, ƙafa a kan mataki, tana tunanin ko wa ke kujerarta. Kewarsa take yi, kewa mai hana cin abinci, ga shi ba ta da inda za ta aika. Don kada ta haukace, ta ɗinka masa falmaran ta ulu da awon ido.

Da kaka ta zagayo, ko kaya ba ta kwance ba ta nufi ɗakin shayi. Matar da ke raba shayin ta gan ta, ta saki baki.

"Frau Rickmers! Ashe kuna nan? Herr Brodersen ya zo bara. Kullum kofi biyu yake sa in kawo, har ya tafi. Ya ɗauka kun rasu. Ya roƙi likitoci su mayar da shi wani gidan, ya ce nan ba zai iya ba."

A ofis suka ce doka ta hana su ba da adireshin majinyaci. Sai dai in tana da saƙo su aika, in ya ga dama ya amsa. Suka miƙa mata takarda. Ta daɗe a tsaye da biro a hannu, sannan ta rubuta:

"Ina raye. Na yi kewarka ƙwarai. Ka zo."

Ta naɗe takardar cikin falmaran ta miƙa, ta koma ɗakin shayi ta zauna inda za ta riƙa ganin ƙofa.